Ku Tambayi Kawu: Baƙo da Karan Sigari a Birnin da Ba Nasa Ba

Wasiƙun da suka taru a kan teburina wannan karon, yawancinsu a kan abu ɗaya suke: hayaƙin taba a gidajen abinci da mashaya idan mutum ya je baƙunci wani birni. Wasu masu sha ne, tara suke tsoro. Wasu kuma hayaƙin suke gudu. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, masu su su yi haƙuri.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina shan sigari, musamman in na gama cin abinci. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan sauka Landan, in wuce Balin da Munik, in dawo ta Santambul. Wani abokina ya ce ko'ina an hana, wani kuma ya ce ƙarya ne, shi da idonsa ya ga ana sha a cikin mashaya a Jamus. Wa zan gaskata? In an kama mutum kuma, me ake yi masa? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, dukansu biyu gaskiya suka faɗa maka, kowa abin da idonsa ya gani ya ba ka labari. Turai ba ta da doka ɗaya a kan wannan. Kowace ƙasa da tata, a Jamus ma kowace jiha da tata. Amma akwai abin da in ka riƙe shi, ba sai ka haddace dokar kowane gari ba: saboda ma'aikacin wurin aka kafa waɗannan dokoki. Yaron da ke kawo maka abinci, matar da ke goge tebur, mai tsayuwa bayan kanta tun la'asar har tsakar dare. Kai awa ɗaya za ka yi ka tashi, shi kuwa a cikin hayaƙin nan yake neman abincinsa kullum. Don haka duk inda ka ga rufi a sama, bango a gefe, ga kuma wanda ake biya albashi yana aiki a ciki, mayar da kwalinka aljihu tun ba a ce maka komai ba.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara jan hankalin duniya, ta hana a gidajen abinci a 1995, ta haɗa da mashaya a 1998. Birnin New York ya bi sahu a 2003, zamanin magajin gari Michael Bloomberg. Amma ƙasar da ta fara hanawa gaba ɗayanta, a duk wurin aiki har da mashaya, ita ce Ailan, ranar 29 ga Maris, 2004. Mutane da yawa sun rantse ba za ta yiwu ba, don an san mutanen Ailan da zaman mashaya. Sai ga shi ta zauna daram. Daga nan aka yi ta bi: Italiya a 2005, Sikotlan a 2006, Ingila ranar 1 ga Yuli, 2007, Faransa ta kai tata cikin mashaya da gidajen gahawa a farkon 2008, Sifaniya a 2011. Ostiriya ta ja ƙafa har Nuwamban 2019.

A Landan babu wani lungu da aka bari. Babu ɗakin masu sha a gidan abinci, babu a mashaya. Akwai kuma wani lissafi da baƙi ba su cika sani ba: in wuri yana da rufi, kuma buɗaɗɗen gefensa bai kai rabin kewayen ba, to a wurin doka ciki ne, ko da tanti ne aka kafa a bayan gida. Ƙofa da taga da za a iya rufewa ba a lissafa su a buɗaɗɗe. Shi ya sa za ka ga rumfunan masu sha a can kamar ba a gama gina su ba, iska na shiga ta ko'ina. Da gangan aka bar su haka.

Tarar mai sha fam 50 ce, ta sauko 30 in ka biya cikin kwana 15, tana iya kaiwa 200 in an je kotu. Shi kuwa mai wurin da ya zuba maka ido bai hana ka ba, tasa tana iya kaiwa fam 2,500. To in ka ga ma'aikaci ya taho da sauri tun ba ka ƙyasta ashana ba, kada ka ce raini ne ko don ya ga baƙo. Aikinsa yake karewa.

Abin da za ka tarar a ƙofar mashaya ko gidan abinci da yamma shi ne mutum huɗu, biyar a tsaitsaye, kowa ya ɗaga wuyan kwat saboda sanyi, a jikin bango an kafe wani ɗan akwatin ƙarfe mai ƙananan ramuka, nan ake kashe guntu a jefa. Yi amfani da shi, don yar da guntun sigari a titi laifi ne daban mai tararsa daban. A ciki kuma, in ka ga kofi a kan tebur an ɗora masa ɗan faifan kwali a baki, kujerar da mai ita, ya fita shan taba ne zai dawo. In a gidan abinci ne, gaya wa mai hidima za ka fita minti biyar. Na taɓa ganin an bi wani bawan Allah da takardar kuɗi har bakin titi, ana zaton gudu zai yi, shi kuwa laita kawai yake lalube a aljihu.

A Balin ne abokinka na biyu ya yi gaskiya. A 2008 kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke hukuncin da ya buɗe wa ƙananan mashaya ƙofa, kuma Balin na cikin jihohin da suka tsaya a kan haka: mashaya mai ɗaki ɗaya da ba ta kai murabba'in mita 75 ba tana iya barin a sha taba, muddin ba ta sayar da dafaffen abinci, ba ta barin wanda bai kai shekara 18 ba ya shiga, kuma ta liƙa sanarwa a ƙofa. Gidan abinci na sosai ba ya cikin wannan rangwame, sai in yana da ɗaki na daban da aka keɓe. Da ka shiga jirgin ƙasa ka sauka Munik kuwa, labari ya canza. Jihar Babariya, inda Munik take, ta yi ƙuri'ar raba gardama a Yulin 2010, kashi 61 cikin 100 suka zaɓi a hana baki ɗaya, har a manyan tantunan bikinsu na shekara-shekara. A tashoshin jirgin ƙasa na Jamus ma, duba ƙasa: inda aka zana murabba'i da ruwan ɗorawa a kan dandamali, nan ne kaɗai wurinka.

Santambul ita ce za ta ruɗe ka. Turkiyya ta hana a cikin gidajen abinci da na shayi tun Yulin 2009, amma masu sha suna da yawa ƙwarai, kuma lokacin sanyi za ka ga baranda an kewaye ta da gilashi, an kunna abin ɗumama wuri, hayaƙi ya turnuƙe. Kada ka ɗauki abin da kake gani ana yi a matsayin abin da doka ta ce. Ɗan gari ya san ranar da masu duba wurare suke zagayawa, ya kuma san da wa zai yi magana. Kai ba ka sani ba. Farantin toka a kan tebur alama ce mai kyau, amma tambayar mai hidima ta fi ta, kuma ba ta cin ko kwabo. In da mutane a teburin kusa, musamman masu yara, ɗaga karan ka nuna musu kafin ka kunna. Ko ba ku jin harshen juna, za su gane.

Tambaya: Kawu, ina da yarinya 'yar shekara bakwai mai ciwon asma, ko warin taba ta ji sai ƙirjinta ya fara kuka. Za mu je hutu Faris da Basalona da rani. Na yi niyyar duk inda za mu ci abinci mu zauna a waje don ta sha iska, in kuma ya zama dole mu shiga ciki, in nemi sashen marasa shan taba. Dabarar ta yi? Daga wata uwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Dabarar taki juya ta za ki yi. A biranen nan biyu, cikin ɗaki ne babu hayaƙi. Da aka kori masu sha daga ciki, barandar bakin titi suka koma, kuma a Faris teburan nan ƙanana ne, a manne da juna, har gwiwar hannunki na gogar ta maƙwabci. In ya kunna, ke da yarinyar kun sha tare da shi.

Faransa ta ƙara tsaurara doka a ranin 2025, ta hana shan taba a bakin teku, da wuraren shaƙatawa na jama'a, da wuraren jiran bas, da kewayen makarantu, tara yuro 135. Wannan zai taimake ku da rana. Amma barandar gidajen gahawa da na abinci ba a saka ta ciki ba. A Sifaniya, dokar 2011 ta ɗauki baranda a matsayin waje matuƙar bangonta bai wuce biyu ba, ita kuma Basalona ta hana a duk bakin tekunta tun 2022. Inda za ki zauna a waje hankali kwance ita ce Suwidin, wadda ta haɗa har da teburan waje a haninta tun 1 ga Yuli, 2019. Dokokin waje su ne suka fi saurin canzawa a 'yan shekarun nan, don haka ki sake dubawa ana saura 'yan kwanaki ku tashi.

Maganar sashen marasa sha kuwa, a Faris da Basalona ba za ki buƙace ta ba. Amma tunda ba daga nan tafiya za ta ƙare ba, bari in gaya miki: in kika je ƙasar da har yanzu ake raba ɗaki ɗaya gida biyu, nan masu sha can marasa sha, kada ki yarda da shi. Kamar a zuba gishiri a randa ne a ce gefe ɗaya kaɗai zai yi ɗanɗano. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya faɗa ƙarara cewa babu wani adadin hayaƙin wani da za a ce ba ya cutarwa, kuma raba kujeru, ko fanka, ko na'urar tace iska, duk ba sa kawar da shi. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji, kuma ƙananan ɓurɓushinsa suna ratsawa har can cikin huhu, inda suke tayar da asma. A Sikotlan, bayan dokar 2006, masu bincike sun ga yawan yaran da ake kwantarwa asibiti saboda asma yana raguwa da kusan kashi 18 cikin 100 a kowace shekara.

To ki nemi tebur a ciki, nesa da ƙofa, don da rani ana barin ƙofofi da manyan tagogi a buɗe, hayaƙin baranda yana shigowa. In zafi ya sa dole sai waje, zaɓi teburin ƙarshe ta inda iska ke fitowa, ku kuma ci da wuri kafin wurin ya cika. Faɗa wa mai hidima cewa yarinyar na da asma. Ban cika ganin wanda aka gaya wa haka bai nemo wuri mai kyau ba. Maganin shaƙarta kuma ya zauna a jakar hannunki, kada a bar shi a otal.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne, na yi yawon duniya tun ana shan taba a cikin jirgin sama ba mai cewa uffan. Abin nan ni a ganina danniya ce. Mutum ya gina wurinsa da kuɗinsa, me ya sa gwamnati za ta hana shi barin baƙinsa su sha abin da ba a haramta sayarwa ba? Wanda ba ya so ya je wani wurin mana. Na kuma ji an ce dokar ce ta kashe mashayu da yawa a Ingila. Daga wani tsohon ma'aikaci.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka da ƙamshin gaskiya a wani gefe, bari in fara da shi. Mashayu da dama sun rufe a Ingila da Ailan bayan dokar, kuma ƙananan da ba sa sayar da abinci, ba su da filin waje, su suka fi jin jiki. Sai dai yawansu ya fara raguwa tun kafin 2007, ga arahar kayan sha a manyan kantuna, ga haraji, ga karayar tattalin arzikin 2008 da ta faɗo a kai. Ɗora wa dokar taba laifin duka bai yi adalci ba. A New York kuwa, rahoton da hukumomin birnin suka fitar shekara ɗaya bayan dokar ya nuna harajin da gidajen abinci da mashaya suka biya ƙaruwa ya yi, da kusan kashi 9 cikin 100.

Inda na rabu da kai shi ne "wanda ba ya so ya je wani wurin". Mai ciniki yana da wannan zaɓin. Ma'aikaci fa? Akwai wata mata a birnin Ottawa na Kanada, Heather Crowe, ta yi kusan shekara 40 tana kai wa mutane abinci a tebur. Ba ta taɓa sa sigari a bakinta ba. A 2002 aka gano tana da ciwon dajin huhu, hukumar biyan diyyar ma'aikata ta jiharta kuma ta amince cewa a wurin aiki ta same shi. Sauran kwanakinta ta ƙarar da su tana zagaya ƙasar, tana roƙon 'yan majalisa su kare masu irin aikinta. Ta rasu a Mayun 2006, saura 'yan kwanaki dokar jihar Ontario ta fara aiki. In an ce da irinta ta nemi wani aikin, wane aikin? A lokacin duk gidajen abincin haka suke.

Ba kuma yau aka san illar ba. Tun 1981 wani likitan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa bincikensa cewa matan da ba sa shan taba amma mazajensu na sha sun fi kamuwa da dajin huhu. A Sikotlan, cikin wata goma bayan dokar, waɗanda aka kwantar saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100, alhali a Ingila da ba ta riga ta hana ba ragin kashi 4 ne kawai. Mafi yawan waɗanda suka tsira ba mashaya taba ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin wani yana kashe fiye da mutum miliyan ɗaya a shekara, kuma yarjejeniyarta ta yaƙi da taba, wadda ta fara aiki a 2005, a sashe na 8 ta ɗora wa ƙasashe kare mutane a wuraren aiki da na jama'a. Gwamnati ta daɗe tana gaya wa mai gidan abinci yadda zai adana nama da inda zai sa ƙofar tsira daga gobara, ba wanda ya kira wannan danniya.

Amma zan ba ka rabin gaskiya a kan dokokin fili. Milan ta Italiya, tun farkon 2025, ta hana shan taba a titi sai in tsakaninka da mutane ya kai mita 10. Meziko ta hana a bakin teku da wuraren shaƙatawa har da otal tun Janairun 2023. A buɗaɗɗen fili, inda iska ke kwashe hayaƙi, hujjar lafiyar na kusa ba ta kai ƙarfin ta cikin ɗaki ba. Dalilin gaskiya shi ne guntayen da ake zubarwa, da kuma son kada yara su taso suna ganin abin a matsayin ado. Dalilai ne masu kyau, ni dai na fi son hukuma ta faɗe su yadda suke.

Tambaya: Kawu, na samu gurbin karatu na wata shida a Tokiyo. Wani ya ce mini a can a cikin gidan abinci ake sha, a titi ne ake kama mutum. Wasa yake yi mini? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, ba wasa ba ne, labarinsa ne dai ya ɗan tsufa. Japan ta baya ta faro. Unguwar Chiyoda da ke tsakiyar Tokiyo ta hana shan taba a titi tun 2002, tara yen 2,000, lokacin da ake busa hayaƙi a kusan kowane gidan abinci. Dalilinsu cunkoso ne: a titin da mutane ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, wutar sigarin da babba ya saki hannu da ita daidai fuskar ƙaramin yaro take. Ga kuma ƙyamar shara. Wasu unguwanni suka kwaikwaya, har Osaka ta hana a titunan birnin gaba ɗaya a Janairun 2025.

Ciki kuwa sai a Afrilun 2020 doka ta shiga, ana shirin gasar Olamfik. Dokar ƙasa ta bar wa tsofaffin ƙananan wurare, waɗanda filin baƙinsu bai wuce murabba'in mita 100 ba, damar su zaɓa. Tokiyo ta ce ita bai ishe ta ba: duk wurin da ya ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ne, babu shan taba a teburin cin abinci. Wanda mai shi ke gudanarwa shi kaɗai ko da iyalinsa, shi ne zai iya bari. Ka ga maganar da na gaya wa Alhaji a sama, a nan ma ita ce ma'auni.

Kafin ka shiga kowane wuri, duba jikin ƙofa, akwai 'yar takarda mai hoton sigari da ke nuna matsayinsa. In wurin da aka yarda a sha taba ne, wanda bai kai shekara 20 ba ba ya shiga, ko da abinci kawai ya zo ci. A manyan wurare za ka ga wani ɗan ɗaki na gilashi a lungu, bai fi mutum uku ya ɗauka ba, babu kujera, fanka na zuƙe iska ta sama. Ba a shiga da abinci ko abin sha. A bakin tashoshin jirgi ma akwai wuraren da aka killace, mutane a layi cikin kwat da jakar ofis, ba mai magana da wani, kowa ya gama ya kashe ya fita na baya ya shiga. In kana sha, sayi 'yar jakar toka ta aljihu, ana samunta a kowane ƙaramin kanti.

In jirginka zai yada zango a Singafo ka shiga gari, can kuma sai ka ƙara kiyayewa. Titin Orchard gaba ɗaya an hana tun farkon 2019, sai a cikin akwatin da aka zana da ruwan ɗorawa a ƙasa. Tara dala 200 ce ta ƙasar, tana kaiwa 1,000 a kotu. Ba su kuma yafe harajin ko kara ɗaya da ka shigo da shi, sai ka bayyana wa kwastan.

Tambaya: Kawu, mu shisha muke sha ni da abokaina, ɗayanmu kuma sigarin lantarki. Ai su ba taba ba ne, ruwa ne da ƙamshin 'ya'yan itace. Dokar ta shafe mu in mun yi tafiya? Daga wani matashi.

Amsa: Samari, wa ya gaya muku? Abin da ake cusawa a kan tukunyar shisha taba ce aka kwaɓa da zuma ko ruwan rake da ƙamshi, ruwan kuma sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ba ya wanke shi. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya faɗa tun 2005 cewa a zama ɗaya mai shisha yana iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100 ko fiye. Ga garwashin da ke fitar da iskar nan mai guba marar wari, wadda a rufaffen ɗaki take sa ciwon kai da jiri, wani lokaci har suma.

A Ingila doka ta hau kan duk abin da aka kunna ana zuƙa, ko da ganye ne marar taba, shi ya sa gidajen shisha na Landan a rumfar waje suke. Wasu ƙasashen kuwa shishar ce ma ba sa so sam: Yuganda ta haramta ta a dokarta ta 2015, Ruwanda da Kenya suka haramta a Disambar 2017.

Abokinku mai na lantarki shi na fi ji wa tsoro. A Ingila dokar hayaƙi ba ta ambace shi ba, amma yawancin masu wurare sun hana da kansu, kuma maganar mai wuri ita ce yanke. A New York daidai yake da sigari, inda aka hana wannan an hana wancan. A Singafo mallakarsa kaɗai laifi ne tun 2018, ko bai zuƙa ba, sun kuma ƙara tsananta hukuncin a 2025. Tailan ta hana shigo da shi tun 2014, Indiya ta haramta shi a 2019, Hong Kong ta hana matafiyi shiga da shi tun 2022. Mai sigari in ya yi kuskure a cikin gari, yawanci tara ce. Shi kuwa tun a filin jirgi tasa za ta same shi. In zai je ɗaya daga cikin waɗannan, ya bar abinsa a gida. In kuma ƙasar da aka yarda ce, a jakar hannu ake sa shi saboda batirin, ba a cikin kayan da za a auna ba, kuma ba a zuƙa ko a yi cajinsa a cikin jirgi.

Tambaya: Kawu, ɗakin otal fa? Ai na biya kuɗina, kamar gidana ne. In na buɗe taga ko na shiga banɗaki wa zai sani? Daga wani mai karatu.

Amsa: Mai gyaran ɗaki za ta sani, tun daga bakin ƙofa. Labule da katifa suna riƙe wari kwana da kwanaki, kuma katin bankin da ka bayar lokacin karɓar makulli, daga cikinsa za a cire kuɗin wanke ɗakin, ko ka riga ka bar ƙasar. Wani abokin tafiyata ya sha kara biyu a bakin taga a wani otal, abin da aka cire masa ya fi kuɗin kwanan ɗakin. Kada kuma ka kuskura ka rufe na'urar jin hayaƙin da ke silin da safa ko leda. In ta yi ƙara aka fito da baƙi tsakar dare, aka kira 'yan kwana-kwana, maganar ta wuce ta taba.

Ƙasashe da dama sun bar otal ya ware 'yan ɗakuna na masu sha, amma manyan kamfanonin otal da yawa sun soke nasu. Nemi irin ɗakin tun lokacin da kake kama wuri, a rubuta maka. Barandar ɗaki ma sai ka tambaya, don wasu sun haɗa da ita. In babu, mai tsaron ƙofa zai nuna maka wurin da aka tanada, yawanci a gefen ginin ne, ɗan nesa da babbar ƙofa. In da dare za ka sauko, riƙo katin ɗakinka, don wasu otal suna kulle ƙofar waje bayan sha biyu.